Musayar waƙa: dutsen da ke raba ruwa

Mushe Na-Adar (Tawa): Salamu alaikum 'yan zaure. Yau waƙar dutse ce, mai amsawa ya rufe baitinsa da "wa". Dutsen Everest ɗin da zan ambata tsayinsa mita 8,849 ne, awon 2020.

Himalaya ta kwanta arewa da Indiya,
Kilomita 2,400 ne a tafiya,
Everest ke bisa, ya fi kowa a duniya,
Kansa fari fat, numfashi na gazawa.

Iskar damina ta taso daga teku da nauyi,
Ta iske dutse, ta hau, ta sha sanyi,
Ta juye ruwanta a kudu, shinkafa ta yi,
Tibet na bayan dutse tana bushewa.

Auta:

Mushe, ai wanga dutse marowaci ne,
Ya ba na kudu, na arewa ɗan kallo ne,
Mu masu jiran hadari, abin sananne ne,
Mun san zafin gajimare mai wucewa.

Inna Ta-Kasuwa: Haba ɗana, ka yi masa adalci.

Rumbu ne ya yi, Auta, ba rowa ba,
Ƙanƙarar da ya tara ba ta ɓata ba,
Bazara in ta yi zafi ba a ga hadari ba,
Ita ke narkewa, kogi ya samu ruwa.

Indus, Ganjis, har Barahmaputara,
Daga can suka gangaro cikin karkara,
Alkamar Pakistan da Indus ta dogara,
Ba don dutsen ba, da sai ƙishirwa.

Direban Agadas: Inna ta gama magana. Amma ku dawo gida, dutsen Bagzan namu na Abzin mita 2,022 ne kawai, ga aikinsa.

Ga Abzin nan, ba nisa da mu,
Yakan tare ɗan hadarin da ya wuce mu,
Koramu su kawo, rijiyoyi su samu,
Tsakiyar hamada lambu na tsirowa.

Lemun Timiya na loda da hannuna,
Ƙamshin ɓawonsa ya kama rawanina,
Raƙumi ke jan guga, na gani da idona,
Ruwa na malala gindin itatuwa.

Rumman da dabino, dankali da albasa,
Duk dutsen nan ne ya jiƙa musu ƙasa,
Amma ran da koramar Telwa ta cika ta fasa,
A 2009, gidajen Agadas sun sha rushewa.

Auta: Allah ya kiyaye na gaba. To Mushe, hazon da ke toshe mana hanci duk hunturu fa, shi ma da hannun dutse?

Mushe Na-Adar: Da hannunsa ƙwarai. Himalaya ta tare wa Indiya sanyin arewa, duwatsun Cadi kuwa hanya suka bari.

Tibesti da Ennedi sun bar ƙofa a Sahara,
Iskar hunturu ta matse ciki, ta fito da ƙara,
Ta kwashi busasshen tafkin Bodele, ya zama ƙura,
Har da ita kake sharewa gari na wayewa.

'Yar Yamai: Ku ba ni wuri, yayyena, mu ma muna da rabo.

Mu nan Yamai, a Janairu, babu damina,
Kogi kan cika, masu lambu na murna,
Ruwan duwatsun Gini ne, a Mali ya kwana,
Wata da watanni yana tahowa.

Mushe, saura baitin Gini, muna jira.