Muhawara: Ƙananan Hukumomin Masarautar Gumel Su Haɗa Tsarin Kwamfuta Guda?

Malamin sakandare, Gumel:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ra'ayina shi ne, ƙananan hukumomi huɗu na masarautarmu a nan Jihar Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba su da dalilin da zai sa kowace ta je ta sayi nata tsarin kwamfuta ita kaɗai. Ayyukansu iri ɗaya ne: biyan albashi, karɓar kuɗin kasuwa da na tasha, da bayar da takardar shaidar asali ga ɗalibi ko mai neman aikin soja. Idan suka haɗa kai aka gina musu manhaja ɗaya da rumbun adana bayanai ɗaya, sannan suka ɗauki ƙwararrun da za su riƙa zagaya sakatariyoyin huɗu, abin da kowace za ta kashe zai ragu ƙwarai. Haka kuma wanda sunansa yake cikin takardar albashin ƙananan hukumomi biyu ba zai ƙara samun maɓoya ba, domin lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa (NIN) za ta tona shi.

Tsohon ma'ajin ƙaramar hukuma:
Wa alaikumus salam, Malam. Na fahimci alherin da kake nufi, amma ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina. Da sunan haɗin gwiwa aka kassara ƙananan hukumomi a ƙasar nan. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma mu da muka riƙe littattafan kuɗi mun san yadda shugaban ƙaramar hukuma yake komawa mai roƙon abin da tun asali nasa ne. Sai a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Tun ba a gama ganin hukuncin a aikace ba, za mu sake ɗaukar takardun albashi da na haraji mu zuba su wuri guda? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Duk wanda ya riƙe lambar sirrin shiga wannan rumbu, shi ne shugaban ƙananan hukumomin huɗu na haƙiƙa, ko da kuwa ba wanda ya zaɓe shi.

Ɗalibar ilimin kwamfuta, Kazaure:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tsoronka yana da tushe, sai dai ina roƙon a rarrabe abu biyu. Haɗa manhaja daban, haɗa asusu daban. Ana iya gina tsarin ta yadda kowace ƙaramar hukuma za ta sami nata sashe da nata mabuɗi, ma'ajin Gagarawa ba zai ga lissafin Maigatari ba, kuma kuɗin da aka karɓa a kasuwa zai faɗa asusun bankin ƙaramar hukumar da take da kasuwar kai tsaye. Abin da ya fi muhimmanci ma shi ne, tsari mai kyau yana rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin da ya shiga da abin da ya canza, wanda littafin takarda ba ya yi. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ɗora wa duk mai ajiye bayanan mutane nauyin tsare su. Ƙaramar hukuma ɗaya da wuya ta iya riƙe ƙwararren da zai sauke wannan nauyi, amma huɗu za su iya. Kuma ba sai an nemo shi daga Legas ba, tunda tun zamanin Gwamna Saminu Turaki cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta nan Kazaure take yaye matasa, da yawansu suna zaune ba aiki.

Dillalin shanu, Maigatari:
Malam da 'yata ɗaliba, ku zo kara ranar Alhamis ku tsaya a bakin ƙofa da hantsi kafin ku yanke hukunci. Tireloli ne jere suna jiran lodi zuwa kudu, ƙura ta turnuƙe, mai POS ya ɗaga na'urarsa sama yana neman sabis, mai saye yana tsaye riƙe da igiyar sa ya ƙagu ya tafi. A irin wannan sa'a rasit na takarda minti ɗaya yake ci. Idan na'ura ta tsaya, kasuwa ba za ta tsaya jiranta ba, sai a koma karɓa a hannu ba rasit, kuma ɓarnar da ake son toshewa ta ƙaru. Sannan da yawa daga masu kawo dabbobi daga Nijar suke shigowa, ba su da NIN, ba su da asusu a bankin Najeriya. Wane gurbi tsarin naku ya tanadar musu?

Malamin sakandare, Gumel:
Alhaji, tambayarka ita ce ta fi ƙarfafa mini gwiwa. Akwai na'urorin da suke buga rasit ko babu sabis, su ajiye lissafi a cikinsu, in sabis ya dawo su tura, kuma sola tana cajinsu ba sai an jira wuta ba. Rasit ɗin kara a kan dabba ake yankarsa, don haka baƙo ba ya bukatar wata lamba. Amma fa irin waɗannan na'urori da masu gyaransu, wanda ya sayi da yawa shi yake samun rangwame, shi kuma kamfani yake saurara idan ya kai ƙorafi.

Tsohon ma'ajin ƙaramar hukuma:
'Yata, bayaninki ya rage mini fargaba ta fuskar fasaha, amma bai taɓa ta mulki ba. Na taɓa aiki a wata sakatariya inda aka kawo kwamfutoci da biki, ɗan kwangila ya tafi da lambobin sirri saboda ba a cika masa kuɗinsa ba, muka wayi gari bayanan ma'aikatanmu suna hannun wani, su kuma kwamfutocin aka lulluɓe su da leda a ɗakin ajiya. Idan har za a yi, to sai da rubutacciyar yarjejeniya wadda majalisar kansilolin kowace ƙaramar hukuma ta amince da ita, wadda ta ce bayanan mallakar ƙaramar hukumar ne ba na kamfani ko ma'aikatar jiha ba, kuma duk wadda ta ga za ta fita, ta fita da nata cikakku. In babu wannan sharaɗi, ina nan a kan ƙin amincewata.

Dillalin shanu, Maigatari:
Na ji amsar na'ura, Malam, kuma zan so in ga an gwada ta a kara kafin a shimfiɗa ta ko'ina. Saura batun da kowa ya kauce masa, wato rabon ɗawainiya. Idan aka ce kowace ta biya daidai wa daida, masu ƙaramar kasuwa za su ce an ɗora musu nauyin hidimar da Maigatari ce ta fi morarta. Idan kuma aka ce a biya gwargwadon abin da kowace take tarawa, mutanenmu za su ce da kuɗin kararsu ake yi wa maƙwabta aiki. Ranka ya daɗe ma'aji, kai da ka san lissafi, wanne daga cikin biyun kake ganin kansiloli za su sa wa hannu?