Rijiyata a Sangotedo ta koma zartsi, in zurfafa ko in sayi matata?

Abu Safwan: Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Legas. Shekarata uku da tarewa a gidana na Sangotedo, gaba da Ajah. Burtsatsena ƙafa 60 ce. Da damina ruwan garau, amma tun Janairu ya fara zartsi, yanzu ko shayi aka dafa sai ka ji gishiri, sabulu ma ya daina kumfa. Mahaifiyata na wurina, tana da hawan jini, likita ya hana ta gishiri. Mai haƙa ya ce a sauka ƙafa 700 a kan miliyan tara, kuɗin kuwa na rufin bene ne da na daɗe ina tarawa. In haƙa, ko in sayi na'urar tacewa? Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya yi magana.

Sani Agege: Wa alaikumus salam. Miliyan tara? Cuta ce tsagwaronta. Tawa ƙafa 150, dubu ɗari takwas, har maƙwabta ke ɗiba.

Ummu Hanifa: A riƙa tafasa wa Mama, a jefa ɗan alam. Allah ya ƙara mata lafiya.

Injiniya MB: Malam Sani, Agege tudu ce, nesa da teku. Sangotedo yashi ne tsakanin teku da lagun. Ummu Hanifa, tafasawa ruwan take ƙonarwa ta bar gishirin, alam kuma laka kawai yake kwantarwa.

Hajiyar Badore: Ɗana, saurare ni kafin ka taɓa kuɗin nan. A 2021 na sayar da filina na Funtuwa na haƙa mai zurfi, miliyan shida da rabi. Ranar da ruwa ya fito har sadakar waina na yi. Wata huɗu muna sha lafiya lau. Sai fararen kaya suka fara yin ja, tayil ɗin banɗaki ya koma kamar an watsa masa manja, kan famfo duk tsatsa. Aka ce ƙarfe ne, na sayi tankunan tacewa na yashi da gawayi, jan ya ragu. Ana nan sai ga gishiri ya dawo. Sumo, wato injin jan ruwa na cikin rijiya, har biyu ya ci min. Da na kawo wani ya duba, ashe mai haƙar bai zuba siminti ya toshe gefen bututun ba, ruwan gishirin sama ke bin jikin fayif yana gangarawa cikin mai daɗin. Na kira shi ya fi sau hamsin, ƙarshe ya rufe layin. 'Yan hayata biyu suka tashi. Yau ga rijiya a tsakar gida, ga ni ina jiran tanka. Filin nan gadon mahaifina ne, shi ke hana ni barci.

Abu Safwan: Innalillahi. Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. To matatar fa, za ta yi min?

Bazazzagi: Abu Safwan, kai Bakano ne fa. Allah ya ba ka gishiri kyauta a tsakar gida, ka shanya ka ƙulla ka kai kasuwar Mile 12 mana!

Injiniya MB: Hajiya, abin da ya same ki aikin ha'inci ne, ba laifin zurfi ba. Abu Safwan, ruwan daɗi ya fi na teku rashin nauyi, sai yake zama a samansa kamar mai a kan miya. A lissafi, in ruwan daɗin ya sauka da mita 1, na gishiri na iya tasowa da kusan mita 40. Da rani babu ruwan sama, kowane gida sumo na zuƙa, shi ya sa taka ta juya. Kafin komai kai ruwan a auna. Ma'aunin Najeriya na ruwan sha bai yarda kuloraid, wato sinadarin gishiri, ya wuce miligiram 250 a lita ba, ƙarfe kuma 0.3. Yashi da gawayi ba sa cire gishiri, sai na'urar tacewa ta musamman da ake kira RO, ita ma tana zubar da ruwa mai yawa. Ƙarama ta kicin ta ishi sha da girkin Mama.

Baba Mai Rijiya: Yaro, tun ba a yi titin Epe haka ba nake haƙa a yankin nan. Harshena ne ma'aunina. Rijiyar hannu marar zurfi, a ja da guga, ba ta taɓa juya min ba. Injinanku ne suka jawo teku.

Injiniya MB: Baba, a nan kana da gaskiya, guga ba ta zuƙa kamar sumo. Amma yanzu kowane rabin fuloti da sokawe kusa da rijiya, harshe kuma ba ya jin ƙwayar cuta.

Hajiyar Badore: Wanda ya cuce ni ma injiniya yake kiran kansa, har da hular kwano.

Sani Agege: RO ɗin nan dubu ɗari da hamsin na ga ana sayarwa.

Ummu Hanifa: Mu dubu ɗari huɗu aka sa mana, kuma duk wata shida sai an canja abin ciki. Na gaji, na koma wa 'yan garuwa, su ma kura ɗaya kullum da sabon kuɗi.

Ɗan Tawa: Ummu Hanifa, a yi mana adalci. Ni garuwa nake yi a Ajah. Burtsatsen da muke ɗiba a kusa ta yi gishiri, yanzu sai mun tura kura mai jarka goma har tsallaken titi. Mai rijiya ya ƙara kuɗi saboda dizal, a ƙofar kowane estet kuma sai mun biya kafin a bar mu mu shiga. Da ruwa ya yi zartsi mu ake zagi, a ce mun haɗa da na kwata.

Bazazzagi: Kuɗin ƙofa ai kaɗan ka gani. Abu Safwan, bari motar haƙa ta shigo layinku, omo onile, wato 'yan ƙasa masu karɓar kuɗi a kan filaye, za su zo su yanka maka nasu kafin a kunna inji.

Hajiyar Badore: Sau biyu suka zo min, tawaga daban-daban, kowacce da rasit ɗinta. Ɗan Tawa, kana zuwa Badore? Tankar ta ce sai Laraba.