Ƙura na neman kashe min kwamfuta, ku ba ni shawara don Allah

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da kwamfuta ta tebur mai akwati, da ita nake buga wa mutane takardu nan Garin Malam, tunda hunturu ya shigo hazo ya sauka fankar cikinta ke ta ƙara kamar injin niƙa, in na ɗan jima ina aiki sai ta yi nauyi daga nan ta mutu da kanta, ka taɓa akwatin zafi zau. A ƙasa take ƙarƙashin tebur kusa da taga, ga ɗakin bakin hanya, duk kabu-kabun da ya wuce sai ƙura ta shigo. Yanzu fa sanyi ake, to in Afrilu ya zo zafi ya haura digiri 40 ya zan yi? Wani ya ce in cire murfin gefe in kunna mata fanka. In yi?

Wani mai gyara daga Zango:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka bar ta tana aiki babu murfin, za ta sha iska yau amma ka buɗe wa ƙura ƙofa. Mutuwar da take yi kare kanta take, farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, in zafinsa ya kusa digiri 100 sai ya rage gudu, in abin ya ƙi sai ya kashe injin. Ƙurar ce ta toshe haƙoran ƙarfen da ke kansa shi ya sa fanka ke ta wahala iska ba ta ratsawa. Ka kashe ta ka zare waya daga bango, ka danne maɓallin kunnawa ɗan lokaci sauran wuta ta fita, ka fitar da ita tsakar gida ka buɗe murfin na ɗan lokaci ka hure da abin hura iska, amma ka riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta da ƙarfi ta lalace. Akwatin wutar nan na baya, alimantasiyo, kar ka kuskura ka kwance shi, yana riƙe wuta ko an zare waya, ta waje kawai za ka hure shi.

Wani ɗan uwa:
Ka kai wa mai faci kawai ya hure maka

Mai gyara:
A'a malam, iskar mai faci wani lokaci da ruwa da mai take fitowa, ga ƙarfi ya yi yawa. Gara famfon keke da buroshin fenti mai laushi.

Wata 'yar uwa daga Birni:
Ni ta gefen ɗakin zan yi magana, don ko ka hure ta yau in tana nan ƙasa banza ne, ƙura ƙasa take kwanciya, injin kuma zuƙa yake. Ɗaga ta kan tebur, nesa da taga, kar ka manna bayanta da bango. Kafin shara a yayyafa ruwa, tebur da taga a goge da tsumma mai danshi ba a kaɗe ba, kaɗewa tayar da ita kawai yake ta sake sauka. In da darduma ko kafet ka naɗe har hazon ya wuce. Sannan turaren wuta, mu mata mun san ba a raba mu da shi, amma hayaƙin yana da danƙo ƙura na manne masa, kar a sa shi kusa da kwamfutar.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri yaya. Lulluɓe ta da zane fa?

'Yar uwa daga Birni:
In ta mutu ta huce ka lulluɓe, amma tana aiki kar ka soma.

Mai gyara:
Gaskiya ne hajiya. Ka kuma samu guntun gidan sauro ka ninka biyu ka manna a gaba inda iska ke shiga, bayan da take fita ka bar shi a buɗe, duk sati ka cire ka wanke ka bari ya bushe sosai. Ka sauke HWMonitor, manhaja ce mai nuna zafin farosesa, kyauta ce, in ba ka aikin komai kuma kana ganin zafin ya wuce digiri 60 bayan ka hure, to wataƙila man da ke tsakanin farosesa da ƙarfen ne ya bushe, pat termik, wannan ka kai wa mai gyara ya canza kafin bazara.