Fim ɗin nan na 1934, me ya sa ɗan cacan ya ƙi a sassauta masa?

Ɗan Zage:
Salam jama'a, don Allah waɗanda suka san tsofaffin finafinan Amurka ku zo ku warware min wani abu. Jiya da daddare na kalli wani fim baƙi-da-fari, Manhattan Melodrama, na 1934, wlh na ɗauka minti goma zan yi in kashe amma sai da na kai ƙarshe. Yara biyu marayu suka taso gida ɗaya, Blackie ya zama ƙasurgumin ɗan caca mai gidan cacar ɓoye a New York, Jim kuma ya yi karatun lauya har ya zama mai gabatar da ƙara na gwamnati, daga baya gwamna. Eleanor da farko budurwar Blackie ce sai ta koma ta auri Jim. Shi Jim ɗin da bakinsa ya nemi kotu ta yanke wa abokinsa hukuncin kisa, bayan ya zama gwamna ya je kurkukun Sing Sing a daren ƙarshe zai mayar masa da shi ɗaurin rai da rai, mutumin nan ya ce a'a! Turancinsu sauri gare shi, wasu maganganun sun wuce ni. Girman kai ne ko don abokin ya yi? Kuma ita yarinyar ba ta ci amanarsa ba kuwa?

Malam Na-Sinima:
Wslm ɗan'uwa. Duka biyun ne amma na abokin ya fi ƙarfi. Ka tuna fa kisa na biyu don wa ya yi shi. Snow tsohon mataimakin Jim ne, yana barazanar zai ɓata masa suna ana dab da zaɓen gwamna, wai ya rufa wa Blackie asiri a kisan Manny Arnold, wanda ya ci bashin caca ya ƙi biya. Da Blackie ya ji daga bakin Eleanor sai ya bi Snow har banɗakin Madison Square Garden ya harbe shi, ashe mabaracin da ke zaune a wurin makantar ƙarya yake, ya gan shi yana fitowa. To in Jim ya sassauta masa yanzu, abin da Snow ya faɗa ya tabbata ke nan, an yi kisan a banza. Sannan mutum ne da duk rayuwarsa a teburin caca ya yi ta, in aka cinye shi biya yake ba ya roƙo, kuma zaman kurkuku har tsufa ya fi mutuwa ɗaci a wurinsa. Ni inda ya fi taɓa ni wurin da Jim ke fita wutar kurkukun ta yi ƙasa, ba a nuna maka kujerar lantarkin tana aiki ba amma ka san an gama. Clark Gable da ya fito a Blackie ya yi ƙoƙari a nan gsky.

Maman Ilham:
Haba Malam Ɗan Zage wace amana kuma? Sai da ta roƙe shi fa, ya aure ta ya bar harkar nan su zauna kamar kowa, ya ƙi, kuma ta bar shi tukuna kafin ta auri Jim, ba ta haɗa su ba. Ni wannan ɓangaren ba fim ba ne a wurina. Yayata shekara shida ta yi da mai buga karta, ranar da ya ciwo sai ka ga kaza da lemo da atamfa, ana ta dariya a tsakar gida, bayan kwana uku a nemi keken ɗinkinta a rasa. Na taɓa zuwa na same ta zaune a ƙasa tana lissafa kwanukan da suka rage a kabet, ba ta ko kuka, ƙirgawa kawai take. Kuma mutumin kirki ne a fuska, mai kyauta, kowa na son sa, sak Blackie. Shi ya sa da na ga Myrna Loy, wadda ta fito a Eleanor, na masa magana yana murmushi kamar wasa take sai da gabana ya faɗi, na san wannan murmushin.

Malam Na-Sinima:
Allah ya saka mata Hajiya. Bari in ƙara wani abu, gobarar jirgin ruwan da aka buɗe fim ɗin da ita ta faru da gaske, General Slocum sunansa, ya kama da wuta a kogin East River ranar 15 ga Yunin 1904, mutum sama da 1,000 suka rasu galibi mata da yara. Kuma wannan fim ɗin ne John Dillinger, ɗan fashin bankunan nan, ya fito daga kallo a sinimar Biograph ta Chicago ranar 22 ga Yulin 1934 jami'an gwamnatin tarayya suka harbe shi a waje. Arthur Caesar da ya rubuta labarin ya samu lambar yabo ta Oscar.

Abban Sadiq:
Ni kam ban yarda da ku ba gaba ɗaya. Rai biyu fa mutumin nan ya kashe, na farko a kan kuɗin caca kawai, amma aka ba shi kwat mai kyau da fara'a har mu masu kallo muka manta da gawarwakin muna tausaya masa. Kuma abokin da ake cewa yana ƙauna ai ya yaudare shi, kun manta kwat ɗin sanyin Jim da yaron Blackie ya bari a ɗakin da aka kashe Arnold, Blackie ya sa aka ɗinko irinta sak ya nuna wa Jim don ya yarda ba tasa ba ce aka tsinta? Mu da muka taso da finafinan Indiya mun saba da labarin aminai biyu ɗaya na hukuma ɗaya na daba, kullum na dabar ake sa wa farin jini. Wanda ya burge ni Jim ne, William Powell, da ya tsaya gaban 'yan majalisa ya faɗa musu kisa ne ya taimaka masa cin zaɓe kuma ya yi niyyar sassauta wa abokinsa, ya ajiye kujerar gwamna alhali ba wanda ya tilasta shi.

Ɗan Zage:
Na gode ƙwarai, ashe zancen kwat ɗin nan ne ban gane ba jiya, na ga dai ana ta jujjuya ta. Maman Ilham ki yi haƙuri na janye maganar amana. Yau zan sake kallo daga wurin da Blackie ya tura Eleanor ta taya Jim hira a daren zaɓe, ina so in ga fuskarta da kyau.