Lamba biyu tana gardama, giya tana gurnani: in sauke giyabos ko in dakata?

Mai tambaya, daga Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na sayi Corolla ta hannu, mai kuloci, da ita nake kai yara makaranta. Da safe in na ja lamba biyu sai ta yi "ƙurrr", sandar giya ta cije kamar ana riƙe ta daga ƙasa. In kuma tana tsaye a firi akwai wani siririn gurnani, da na taka kuloci sai ya ɗauke. Wani fita (makaniki) a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ko bonet bai buɗe ba, ya ce a sauke giyabos a sa wani. Wallahi ba ni da kuɗin nan a ƙasa. A taimaka mini da shawara.

Direban tasi, daga Asawase:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da abin da ba ya cin ko sidi ɗaya. Kashe inji ka zagaya giyoyin duka. In sun shiga sumul, amma da ka tayar sai lamba ɗaya da ribas su riƙa gardama, to kuloci ne ba ya saki sosai. Leƙa gwangwanin mansa, wataƙila yana yoyo ko iska ta shiga.

Mai tambaya:
Na gwada yanzu, Yaya. Ɗaya da ribas lafiya lau. Biyun ce kawai.

Tsohon makaniki, daga Sabon Zongo:
To ɗana, kuloci ba shi da laifi. Cuta biyu ce a motarka. Gurnanin da ke ɗaukewa in ka taka kuloci, boris ne (zoben ƙwallaye da sanda ke juyawa a ciki) na sandar da ke shigar da juyin inji cikin giyabos. Takawar ce ke tsayar da ita, shi ya sa ake shiru. Da a ce sai ka taka ne ƙarar ke tashi, da boris ɗin kuloci za mu zarga.

Lamba biyu kuwa, akwai zoben tagulla da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu, muna ce masa sinkro. Na biyu ya fi saurin cinyewa, balle ga mai shan cunkoson kasuwar Kejetia kullum. Amma kafin a kwance komai, sa a zuƙe man giyar a gabanka, cikin kwano mai tsabta, ka fita da shi rana. In yana ƙyalli kamar garin zinari, zoben ne ke cinyewa. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe manya, lamarin ya yi nisa. Zuba sabon mai irin wanda littafin motar ya faɗa. Da yawa mai nau'in GL-4 suke so, kaurin 75W-90. Na sha ganin motar da aka shigo da ita ta tashar jirgin ruwa ta Tema ba a taɓa canja mata man giya ba, ana zubawa gardamar safe ta ragu.

Mai ba ya gyara boris, wannan ka sani. In gurnanin yana ƙaruwa, sai an sauke. To a lokacin a canja boris da zoben, a duba farantin kuloci tunda an riga an buɗe.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Baba. Kafin Asabar zan riƙa ɗan jinkirtawa a firi kafin in ja biyun. Kwanon ma na ajiye shi a but.