Wa ya taɓa saka bidiyo kai tsaye a aji na duniyar kwamfuta?

Malamin kimiyyar rayuwa, Sabon Gari:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman wanda ya taɓa yi da hannunsa. Wani tsohon ɗalibina ya gina mini aji a OpenSimulator, manhajar da ake gina duniyar kwamfuta da ita, har da kujeru da allo a bango, kowane yaro ya shigo da mutum-mutuminsa ya zauna. Ranar Asabar na ɗora kyamara a bakin madubin likita, na ɗiga ruwan tafki, don su ga ƙananan halittu suna iyo a kan allon nan kai tsaye. Mu 18 ne a ɗakin kwamfuta. Huɗu suka gani, sauran farin allo kawai. Wata yarinya ta yi ta juya mutum-mutuminta gaban allon har aka tashi. Abin ya tsaya mini a rai. Ina kuskuren yake?

Mai gyaran kwamfuta, Zango:
Wa alaikumus salam Malam. Ba kuskurenka ba ne, haka abin yake aiki, ni ma na sha wuya kafin in gane. Allon nan ba ya ɗauke da bidiyo, adireshi kawai aka liƙa masa. Duniyar tana gaya wa kowace kwamfuta inda bidiyon yake, ita kuma ta je ta ɗebo nata da kanta. Tun a Second Life, wata duniyar kwamfuta irin wannan wadda kamfanin Linden Lab ya buɗe a 2003, haka tsarin yake: mai fili ya sa adireshi ɗaya, hoton ya fito a jikin abin da ya zaɓa. A 2010 suka kawo yadda za a liƙa shafin intanet a fuskar kowane abu, amma ɗibar tana nan a wuyan kowa. OpenSimulator, da aka fara a 2007, hanyar ya bi.

To lissafa. Bidiyo mai kilobit 700 a daƙiƙa, sau 18, ya haura megabit 12, ban da abin da duniyar kanta take ja. Rezon ɗaki ɗaya ne kuka rarraba. Rijiya ɗaya, guga 18 a lokaci guda. Sannan ka leƙa kowace kwamfuta, domin a Firestorm, manhajar da ake shiga duniyar da ita, sai an ba bidiyo izinin tashi. Wasu fararen allunan daga nan ne.

Malamar koyar da jinya, Birni:
Ni tawa matsalar jinkiri ce. Ina nuna yadda ake ɗaura abin awon jini a dantse, ɗalibaina wasu suna Mirya, wasu Magarya. Muryata tana isa gare su nan take ta hanyar maganar cikin duniyar, hoton kuwa sai ya biyo baya. Ina cewa "ku dubi allurar tana sauka", su kuma a wurinsu ban ma fara matsa robar ba. Ko a tsakaninsu ba daidai suke gani ba. Wannan aikin lafiya ne, ba na son yarinya ta haɗa maganata da hoton da ba nata ba. Yanzu muryata da hoton tare nake turawa ta OBS, manhajar watsa bidiyo kai tsaye, in rufe makirufon duniyar, in yi minti uku in tsaya, in ce duk wadda ta ga ƙarshe ta ɗaga hannun mutum-mutuminta. Sai hannaye sun cika nake buɗe tambaya. Yana cin lokaci, amma hankalina ya fi kwanciya.

Ɗalibi, Garin Malam:
Malamai ku yi haƙuri in sa baki. Ku tuna da aljihunmu. Da lissafin yayanmu na Zango, awa ɗaya ta haura mega 300, kuma daga kuɗin kalacina nake sayen forfe. Firestorm ba ta hawa waya, sai kwamfuta, mu uku muke taruwa kan ta abokinmu. Don Allah a gajarta bidiyon, a rage girman hoton. In murya ta fita sosai muna fahimta.

Malamin tarihi, Karkada:
Yaro ya faɗi gaskiya. Da farko ma na ƙi abin, na ce in kallon bidiyo ne a tura a WhatsApp mana. Har yau ina kan bakana: wanda zai zaunar da yara a kujerun kwamfuta su kalli allo awa guda, ya ɓata kuɗinsu.

Abin da ya sauya mini ra'ayi darasi ɗaya ne. Ɗalibai suka gina zauren ƙasa irin na Birni a cikin duniyar, da zankwaye a kai. Ni kuma na tsaya da waya a wani lungu kusa da fadar Sarkin Damagaram, ina nuna musu bango na gaske, zanen da magina suka yi a jiki, da inda ruwan sama ya zaizaye gindinsa. Ina ba su labarin garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 kafin a mai da shi Yamai. Suna kallon allo, suna juyawa su dubi nasu ginin. Wani yaro daga Tanut ya ce bangonsu ya yi siriri, na gaske ya fi kauri daga ƙasa. Nan take suka gyara, ina ji suna gardama. Minti biyar ne bidiyon, gardamar ta kai la'asar.

Mai gyaran kwamfuta, Zango:
Malam na Sabon Gari, tunda ɗaki ɗaya kuke, ba ka ma buƙatar intanet. OpenSimulator yana zama a kwamfuta guda, sauran su shiga ta igiyar da ke haɗa kwamfutocin ɗakin, bidiyon ma daga nan zai fito. Ka tanadi batir dai saboda ɗaukewar wuta a watannin zafi.

Malamin kimiyyar rayuwa, Sabon Gari:
Allah ya saka da alheri, na gane. Ƙanena na Zango, in kana da sarari ranar Alhamis bayan azahar ka zo mu gwada da kwamfuta shida tukuna. Zan ɗebo sabon ruwan tafki da safe, kuma yarinyar nan ce za ta fara zama.