Shin sunan Toyota ko Volkswagen ya isa a biya tsadar motar lantarki a Kumasi?

Alhaji na Aboabo: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne duk wanda Allah ya hore masa kuɗin motar lantarki, to ya sayi ta tsohon kamfani irin Toyota bZ4X ko Volkswagen ID.4, ko da kuwa farashinta ya ɗara na motocin Sin da suka fara shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Kuɗin da ya ƙara bai tafi a banza ba, domin waɗannan kamfanoni sun shafe shekaru da dama suna ƙera mota, kuma suna da ƙafa a ƙasar nan ta Gana: Volkswagen ya fara haɗa motoci a Ankara, babban birninmu, a 2020, Toyota ya buɗe tasa masana'antar a Tema a 2021, Nissan ya biyo baya a 2022. Araha ba ta ado.

Masta na Magazin: Wa alaikumus salam, Alhaji. Da girmamawa, ban yarda ba. Abin da ya sa Toyota ya yi suna a wurinmu shi ne inji da giya, da kuma cewa duk abin da ya lalace a Corolla za a same shi a Magazin na Suwame, unguwar makanikai da masu kayan mota ta Kumasi, kafin azahar, ko a aiko da shi daga Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Ankara, washegari. Motar lantarki kuwa ba ta da injin da muka sani, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen mai. Ranta duka yana cikin batir da kwamfutar da ke sarrafa shi, kuma a nan tsofaffin kamfanonin ba su riga kowa ba. BYD na ƙasar Sin ya fara ne a 1995 a matsayin mai ƙera batir, sai daga baya ya shiga harkar mota, kuma tun 2022 ya daina yin mota mai fetur zalla. Ita kanta bZ4X, a shekarar da ta fito, wato 2022, sai da Toyota ya janye ta daga kasuwa na wasu watanni saboda kusoshin da ke riƙe taya suna iya kwancewa.

Alhaji na Aboabo: Masta, misalinka ya taimake ni ne. Kamfanin da kansa ya fito ya ce kada a tuƙa motar, ya gyara, sannan ya ci gaba da sayarwa. Irin wannan tsayawa a bayan kaya ita ce nake cewa a biya.

Malama ta Asawase: Ina neman izinin iyayena in sa lissafi a cikin maganar, domin har yanzu ana ta batun suna ba a taɓa aljihu ba. Mota mai fetur mai girman Toyota RAV4 tana shan kimanin lita 8 a kilomita 100, ita kuwa mai lantarki mai irin wannan girma tana cin yunit 18 na wuta ko abin da ya yi kusa da haka. Wanda tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa kasuwar Kejetia da ziyarar dangi ba, a ce kilomita 10,000 a shekara, zai guje wa sayen lita 800 ne, ya sayi yunit 1,800 na wuta a madadinsu. Kowa ya ɗauki farashin lita na yau da na yunit ɗin ECG, kamfanin rarraba wutar lantarki, ya buga da kansa, zai ga akwai rara, amma zai kuma ga cewa rarar za ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta cike gibin da ke tsakanin farashin motocin biyu. Direban haya da ke cin kilomita 50,000 a shekara kuwa lita 4,000 zai guje wa, shi kam lissafinsa daban ne. Sannan kada a manta cewa gidan da ya haura yunit 300 a wata yana faɗawa ajin da ya fi tsada, kuma motar kaɗai za ta ƙara masa yunit 150 kowane wata ko da tafiyarsa kaɗan ce.

Hajiya ta Sabon Zango: Allah ya yi miki albarka, 'yata, amma kafin a kai ga farashin yunit akwai tambayar inda za a jona wayar. Yawancinmu a zango gidan haya muke, tsakar gida ɗaya, mita ɗaya, kuma ko dutsen guga mutum ya saya sai an zauna an sake raba kuɗin wuta. Motar ma a bakin titi ko gidan mai take kwana. Kuma waɗanda suka ga dumsor na 2015, lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, ba za su yi saurin ɗora tafiyarsu a kan ECG ba.

Malama ta Asawase: Gaskiya ne, Hajiya, sai dai ga mai gidan kansa abin bai kai yadda ake tsoro ba. Soket na gida yana ba da kusan yunit 2 da 'yan kai a awa ɗaya, don haka cika batir mai ɗaukar yunit 70 daga tushe zai haura awa 30, amma ba wanda ke ƙarar da batirinsa kullum. Cajin dare ɗaya na awa 8 ya isa tafiyar kusan kilomita 100. Inda matsalar take ita ce doguwar hanya. Kumasi zuwa Ankara kimanin kilomita 250 ne, caji ɗaya zai kai mutum, amma wanda ya nufi Tamale ko Bawku dole ya san inda zai tsaya tun kafin ya tayar da mota.

Masta na Magazin: To bari in koma kan tsayawa a bayan kaya da Alhaji ya ambata, domin a nan ne ainihin saɓaninmu yake. Garantin batir da waɗannan kamfanoni suka saba bayarwa shi ne shekara 8 ko kilomita 160,000, bisa alkawarin cewa ƙarfinsa ba zai sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100 ba. Alkawari ne mai kyau, amma na wanda ya saya a hannun wakilin kamfani ne, a yankin da aka yi motar dominsa. Mu kuwa ta ina motocinmu suke zuwa? Da yawansu gwanjo ne daga Amurka, wasu sun yi haɗari, wasu ambaliya ta ci su, kuma motar da kamfanin inshora ya riga ya yanke mata hukuncin lalacewa garantinta ya faɗi tun tana can. Idan injin fetur ya sha ruwa muna kwance shi mu wanke mu ɗaura. Batir mai nauyin kusan rabin tan, mai ɗauke da wuta ta kusan bolt 400, wanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin mota daidai inda ramukan titi da ruwan damina suke samunta, ba abin da yaron shago zai sa wa sifana ba ne. Ko bakin caji ma ba ɗaya ba ne: na Amurka daban, na Turai daban, na Sin daban, tsohuwar Nissan Leaf kuma tana da nata na Japan. Tsohuwar Leaf ɗin ma, wadda ta fito tun 2010 daga tsohon kamfani mai suna, batirinta ba shi da ruwan sanyaya shi, kuma masu ita a wurare masu zafi irin jihar Arizona sun yi ta kukan saurin raunana. Mu ma ƙasar zafi muke.

Alhaji na Aboabo: Ni ban ce a sayi gwanjo ba, sabuwa nake nufi.

Masta na Magazin: Idan sabuwa ce, Alhaji, to a fara tambayar wakilin ko yana sayar da wannan samfurin a Gana da hannunsa, ko yana da ma'aikacin da aka horar kan batir, kuma ko zai rubuta garantin a takarda. Haɗa motocin fetur a Tema ba ya nufin akwai kayan motar lantarki a sito. Idan ya amsa duka ukun, na janye rabin maganata.

Hajiya ta Sabon Zango: Rabin da ya rage ni zan riƙe shi, wato ranar sayarwa. A wurinmu mota ajiya ce. A 2022, da kuɗinmu sidi ya faɗi daga kusan 6 a dala ɗaya zuwa sama da 14, mai Corolla bai yi asara ba, domin motarsa ta bi dala ta hau. Motar lantarki kuwa mai saye na biyu batirin yake tsoro, kuma duk shekara sababbi suna fitowa da araha. Kamfanin hayar motoci na Hertz a Amurka ya sanar a Janairun 2024 cewa zai sayar da motocin lantarki 20,000, yana kuka da tsadar gyara.

Alhaji na Aboabo: Hajiya, yawancin waɗannan motoci na Tesla ne, wanda ba ya cikin tsofaffin kamfanonin da nake magana a kansu, kuma shi ne ya yi ta karya farashin sababbi a 2023 har tsofaffin suka zube. Amma na karɓi batun gwanjo da na mita. Abin da ban karɓa ba shi ne a ce sabon kamfani da tsoho duk ɗaya ne, alhali ba mu ga yadda motocin sababbin za su kasance bayan shekara 10 a kan titin Aboabo ba.

Malama ta Asawase: Baba Alhaji, ita ma bZ4X ba ta kai shekara 10 a kan kowane titi ba. Akwai kuma batun kwastan da bai kamata a rikita ba: sassaucin harajin shekara 8 da aka sanar a kasafin kuɗin 2024 ya shafi motocin lantarki na jigilar jama'a ne, da sassan da kamfanonin haɗa mota masu rajista suke shigowa da su. Ba a ambaci wanda ya yi odar motar hawansa ba, don haka ya je ya ji adadin fito daga bakin kwastan kafin ya tura ko sisi. Idan kuma ƙwarewar Toyota ake son a biya, inda ta tabbata shi ne mota mai haɗa fetur da batir, wadda yake yi tun Prius ta 1997, ba ta neman soket, kuma batirinta ƙarami ne. Masta, irin wannan kuna taɓa ta a Magazin?

Masta na Magazin: Muna taɓa ta, ƙanwata. Akwai masu buɗe batirinta su auna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya su canza waɗanda suka mutu, kuma ana samun na hannu. Shi ma ba kowane shago ba, sai an tambaya.